Doka a Yamai, goyo a gona: wa ke bin sawun haƙƙin iyaye a Magarya da Dungas?

In dai sa hannu kan takarda ne, Nijar ba ta taɓa zama baya ba. Tun 1985 ƙasarmu ta amince da yarjejeniya mai lamba 156 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce kada ɗawainiyar iyali ta zame wa ma'aikaci sanadin rasa aiki ko ƙasƙanci. A 2019 aka ƙara da mai lamba 183 a kan kare mai ciki da mai jego. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 kuwa ta bai wa ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, ta kuma ware mata har sa'a guda a kowace ranar aiki domin ta shayar da jinjirinta. Madalla! Sai dai kyan alkawari cikawa. Tambayarmu ga mahukunta guda ce: wa ya taɓa zuwa ya duba ko wannan sassauci ya kai ga waɗanda aka yi shi dominsu?

Mu ɗauki gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda aka raba a 2011. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum dubu 900 a cikinsu. Muna ƙalubalantar ma'aikatar ƙwadago ta fito da takarda ɗaya tak da za ta gaya wa jama'a mata nawa suka ci hutun haihuwarsu cikakke a waɗannan gundumomi, nawa aka bar su su fita shayarwa ba tare da harara ba, nawa kuma suka dawo daga jego suka tarar an ba wata gurbinsu. Sau nawa sufeton aiki ya bar ofishinsa na Damagaram ya taka Bande, ko Waca, ko Guci, ko Malawa? Ƙasar da ta amince da yarjejeniya dole ta riƙa aika rahoto Janiba. To, in ana iya rubuta wa Turawa bayani da Faransanci, me ya hana a karanta wa mutanen Dogo-Dogo shi da Hausa a gidan rediyo?

Za a ce mana ai ma'aikatan albashi kaɗan ne a can. Wannan uzurin shi ne babban laifin. Kusan tara cikin goma na masu neman abinci a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da lamba a asusun CNSS. Matar da ke noman gero da riɗi da goyo a baya, da mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, da wadda ke tsallaka iyaka ta Tinkim zuwa aikatau a Kano, duk ma'aikata ne, duk iyaye ne, amma dokar ba ta san sunansu ba. Hutun jegonsu kwanakin wanka ne, in damina ta yarda. Malama ƴar kwantaragi kuma, wadda aka tura ƙauye ita kaɗai da aji cike da yara, wa zai riƙe mata alli ta tafi ta yi sa'ar shayarwar? Ta san haƙƙinta, amma ta fi sanin cewa mai neman a tabbatar da shi a aiki ba ya ɗaga murya.

Kada wani ya ɗauka wannan gardamar ƴan boko ce. A watan Satumba 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara fiye da 700 ne ke kwance a asibitin Magarya, kuma kimanin goma ke rasuwa kowace rana, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Ba mu ce rashin hutun uwa ne kaɗai ya jawo haka ba. Amma kowa ya san lokacin da cutar ke tsananta shi ne lokacin da rumbu ya ƙare, aikin gona ya yi yawa, uwa ta rasa sa'ar da za ta kai yaro likita tun jikinsa bai yi nauyi ba. Lokacin uwa magani ne, kuma shi ne ba a lissafawa a kasafin kowa.

A Ingila, tun 2003 aka bai wa iyayen ƙananan yara damar neman a sassauta musu lokacin aiki. Aka yi ta bincike ana ƙirga masu nema da waɗanda aka hana, har aka faɗaɗa dokar ga kowa a 2014, aka sake gyara ta a 2024. Ba wayonsu muke yabo ba, ƙirgarsu muke nuni. Wanda bai auna ba, ba ya sanin inda zai gyara.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin gwamnati ba. Na farko, sufeton aiki ya riƙa zagaya kowace ƙaramar hukuma ta gundumomin nan biyu, a ba shi mota da mai. Na biyu, CNSS da hukumomin ilimi da na lafiya su riƙa bayyana alƙaluman hutun haihuwa gunduma-gunduma kowace shekara. Na uku, a nemi hanyar shigar da manoma da ƴan kasuwa cikin kariyar, ko ta ƙungiyoyinsu na adashi ne. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da SNEN su ma su sani: yajin aiki kan albashi kaɗai bai wanke su ba muddin sun yi gum a kan goyo.

Shekara arba'in da sa hannu sun isa a ce an gani a ƙasa. Mahukunta su kawo alƙaluma, ko kuwa su daina kirari da dokar da ba su san inda ta kwana ba.