SHARHI: Tsofaffin Taraktoci da Hawan Kwaja, a Guji Gyaran Gangar Auzinawa

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Mubi ta nufi Kwaja, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu cikin Jihar Adamawa, ya san cewa hanya ce ta hawa da gangara, domin garin yana bisa duwatsun Mandara, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru. A irin wannan yanki aikin tarakta ba ya ƙarewa da noman damina. Da zarar an yi girbi sai a ɗaura mata tirela ta shiga jigilar buhunan masara, dawa, gyaɗa da wake, da rani kuma ta koma ɗaukar yashi da duwatsun gini. Da yawa daga cikin taraktocin da ke wannan aiki a karkarar Arewa tsofaffi ne, wasunsu ma sun girmi direbobinsu.

Tarihin yadda aka same su sananne ne. Shirin Ciyar da Ƙasa na shekarar 1976 da Shirin Bunƙasa Noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a 1980 sun kawo taraktoci masu yawa, yayin da kamfanin Steyr a Bauchi da masana'antar harhaɗa Fiat a Kano suka riƙa haɗa wasu a cikin gida. Bayan da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyara suka yi tsada, sassan bayar da hayar tarakta na gwamnatocin jihohi suka cika da matattun injuna. Waɗanda suka faɗa hannun 'yan kasuwa da manoma su ne suka rayu, kamar Massey Ferguson 135 wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975.

Babbar cutar tsohuwar tarakta ita ce raguwar matsin iska a cikin inji. Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 18 na girmanta, ta yi zafin da mai zai kama wuta da kansa idan an fesa shi. Ƙurar hunturu da ke shiga ta matacin iskar da ba a wankewa, tare da baƙin man da ya daɗe ba a juye ba, suna cinye zobban fistin da bangon silinda. Daga nan sai iska ta riƙa zurarewa, inji ya ƙi tashi da sanyin safiya, ya riƙa shan baƙin mai yana fitar da hayaƙi. A kan tudu matsalar takan ƙaru, domin injin da ba shi da tabo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, saboda ƙarancin iska. Taraktar da take lallaɓawa a cikin garin Mubi tana iya cijewa da kaya a hawan Kwaja.

A nan ne ake samun gyaran gangar Auzinawa. Maimakon a sauya abin da ya ci, wasu masu taraktoci kan nemi bakanike ya kankare kan inji ko saman gangar inji, ko ya sa gaskit mai sirantaka, ko ya buɗe famfon mai fiye da ƙa'ida, wai don inji ya ƙara ƙarfi. Dabarar tana da asali. A Amurka akwai gasar ja da tsofaffin taraktoci, inda ake ɗaura musu keken nauyi su ja shi tsawon kimanin mita 90, kuma masu shiga gasar sukan ƙara matsin injunansu. Sai dai yawancin waɗancan taraktoci, irin su John Deere masu silinda biyu, an ƙera su ne don su sha fetur ko man da ya yi kusa da kananzir, kuma matsinsu na asali ƙarami ne ƙwarai, saboda haka suna da sararin ƙari. Bugu da ƙari, injin gasa aikin minti guda yake yi a koma da shi rumfa, mai shi kuma nishaɗi yake nema. Taraktar Kwaja kuwa wuni take yi tana aiki cikin zafi, kuma da ita ake ciyar da iyali.

Injin dizal irin na Perkins da ke cikin Massey Ferguson tun daga masana'anta an kai matsinsa kusa da iyaka. Kansa shafaffe ne, ramin da wuta ke ci yana kan fistin, don haka kankare kan ba ya ƙara wani matsi na a zo a gani, sai dai ya kusanto da bawul zuwa ga fistin. Idan kuma gangar aka kankare fiye da kima, fistin kan iya dukan bawul, gaskit ya ƙone, inji ya riƙa zafi. Buɗe famfon mai kuwa baƙin hayaƙi yake ƙarawa da ɓarnar kuɗi, alhali farashin litar dizal ya haura Naira 1,000 a shekarar 2023. Wanda ya guje wa kuɗin ringin yau, gobe sai ya nemi kuɗin inji sukutum, kuma sau da yawa a tsakiyar kaka, lokacin da manoma ke jiran a kwashe musu amfani. Kowace tarakta da ta kwanta a irin wannan lokaci tana ƙara kuɗin dakon buhu, kuma a ƙarshe mai saye a kasuwar Mubi ne zai biya.

Abin da ya dace shi ne a maido da matsin inji daidai yadda masana'anta ta tsara. A fara da wanke matacin iska da gwada nozul da daidaita famfo, sannan a auna matsin kowace silinda da ma'auni kafin a kwance komai. Idan ta tabbata ya ragu, a sauya zobba da hannun rigar silinda, a gyara mazaunin bawul. Injunan Perkins an yi su ne yadda za a iya cire hannun rigar a sa sabo, shi ya sa suke daɗewa. Haka nan wajibi ne direbobi su rage lodi a kan tudu, domin ƙarfin ja ya dogara ga taya da giyar da aka zaɓa, kuma tirelar da ta fi ƙarfin birki haɗari ce a gangara.

Hukumomi ma suna da rawar da za su taka. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga ƙasar Belarus. Wannan abin yabawa ne, amma darasin shekarun 1980 shi ne cewa sayen tarakta ya fi riƙe ta sauƙi. Ya kamata Gwamnatin Jihar Adamawa ta haɗa hannu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da kuma Cibiyar Injunan Noma ta Ƙasa da ke Ilorin, a shirya wa kanikawan yankin kwas na gajeren lokaci, a kuma samar musu da ma'aunin matsi da wurin aikin inji mai inganci. Bankin Manoma na iya buɗe ƙaramin rance na gyaran inji wanda za a biya bayan girbi, hukumar kula da ingancin kayayyaki kuma ta sa ido kan jabun zobba da gaskit da ke shiga kasuwa.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kuɗin sabuwar tarakta guda zai iya tayar da tsofaffi da dama, kuma ga manomin Kwaja wadda za ta hau dutsen da buhunansa ta sauka lafiya ita ce tarakta. Ya rage ga masu taraktocin da kanikawansu da hukumomin da abin ya shafa su yi gyaran tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka.