Kitsen Hanta: Ba Mashaya Kaɗai Yake Kamawa Ba

Ya 'yan'uwa, muna jan hankalinmu ga wani kuskure da ya daɗe a tsakaninmu. Idan likita a Babban Asibitin Gwarzo ya ɗauki hoton cikin majinyaci, ya ce kitse ya taru masa a hanta, sai a koma gefe ana raɗa cewa lalle yana kurɓar barasa a ɓoye. Wannan mummunan zato ne, kuma jahilci ne.

Gaskiya ne giya tana lalata hanta. Amma tun a 1980 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka bayyana kumburin hanta mai kitse ga mutanen da ba mashaya ba. A yau masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna da kitsen hanta. Ana kiran sa cuta idan kitsen ya kai kashi 5 cikin 100 na hantar. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne ƙiba, musamman teɓa, da ciwon sukari, da yawan maiƙo a jini, sau da yawa tare da hawan jini.

Mu dubi kanmu. Iyayenmu a Gwarzo da Kabo da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa. Mu kuwa ko masallacin unguwa sai a kan babur, ga lemon kwalba, ga shayi mai zaƙi, ga soye-soye, sannan mu kira teɓa alamar arziki. Cutar takan yi shekaru shiru, har ta kai wasu ga ƙandarewar hanta ko sankara. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yawaita a ƙasarmu.

Saboda haka muna kira ga mai ciwon sukari da mai teɓa su je a duba hantarsu, su kuma guji jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen da kumburin. Addininmu da ya haramta giya shi ne ya hana almubazzaranci a ci da sha, ya kuma hana cin naman ɗan'uwa. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.