'Yan aiken kwamfuta: Wa ke duba takardar da ake ba su?

Masu karatu, idan ba a manta ba, a watan Nuwamba na 2024 ne kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wani tsari mai suna MCP, wanda ke haɗa manhajojin ƙirƙirarriyar basira da kayan aiki na waje, kamar rumbun bayanai, wasiƙun intanet da asusun kuɗi. A cikin 2025 kamfanonin OpenAI da Google suka rungume shi, kuma a watan Disamba na shekarar aka miƙa shi ga gidauniyar Linux. Ke nan manhajar da a da sai dai ta amsa tambaya, yanzu ta zama ɗan aike: tana iya tura saƙo, ta yi ciniki, ta biya kuɗi.

To amma wannan ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Abin da yake gani shi ne sunan kayan, da 'yan layukan da wani mutum ya rubuta game da amfaninsa, da guraben da za a cike. Da wannan bayani yake yanke shawarar abin da zai ɗauka da yadda zai yi amfani da shi. Idan bayanin ya karkace, aikin ma zai karkace.

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya za a gane bayani mai kyau? A ganinmu ma'aunai huɗu ne. Na farko, ya faɗi abin da kayan ke yi, da lokacin da ya kamata a ɗauke shi, da lokacin da bai kamata ba. Kamfanin Anthropic da kansa yana ba masu rubutun shawarar kada bayanin ya gaza jimla 3 zuwa 4. Na biyu, sunan ya bambanta da na sauran, domin idan kaya biyu suka yi kama, manhajar za ta riƙa ɗaukar wani a madadin wani. Na uku, kowane gurbi ya zo da ma'auninsa. Na huɗu, a faɗi abin da zai biyo baya: shin dubawa kawai kayan ke yi, ko kuwa yana goge abu ko ya fitar da kuɗin da ba za su dawo ba?

Batun ma'auni ba wasa ba ne. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da na mita. Mu ma muna da irin wannan tarko a bakinmu. A Nijar, dala ashirin sefa 100 ce, jika kuma sefa 1000, alhali a Nijeriya jaka naira 200 ce. Haka kuma sefar Nijar daban take da ta Chadi da Kamaru, duk da cewa darajarsu ɗaya. Idan bayanin kayan tura kuɗi ya ce “adadi” kawai, bai ce na wane kuɗi ba, ɗan kasuwar Maraɗi da ya ce a tura dala ɗari ba shi da tabbacin cewa sefa 500 za ta tafi.

Akwai kuma batun mugunta. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki. Mai amfani ba ya ganinsa, amma manhajar tana karantawa ta bi, har ta kwashi sirrinsa ta miƙa wa wani. Saboda haka duba bayanin ya wuce gyaran rubutu, ya zama batun tsaro.

Wasu na cewa manhajojin na ƙara wayo, don haka za su riƙa gane abin da aka nufa ko da rubutun ya gaza. Muna ganin wannan magana rabin gaskiya ce. Wayo yana taimakawa wajen hasashe, amma ba da hasashe ake biyan kuɗin mutane ba. Kuma karanta bayani a ce ya yi kyau bai wadatar ba. Dole a gwada shi da buƙatu irin na gaske, a ƙirga sau nawa manhajar ta ɗauki kayan da ya dace, a gyara, a sake gwadawa. Jami'ar Kalifoniya da ke Bakale ta fara wallafa irin wannan awo na manhajoji tun 2024.

Kiranmu ga bankuna da kamfanonin salula da hukumomin da ke sa musu ido a ƙasashenmu shi ne, kafin a ɗora irin wannan ɗan aike a kan asusun talaka, a gwada shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, da irin lissafin da muke yi a kasuwa. A kuma fayyace tun da wuri wanda zai biya idan kuɗi suka ɓata, mai manhajar ko mai rubuta bayanin. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa mu dace.