Kafin a biya kuɗin koyon kwamfuta: a bar yaro ya faro daga tushe

Yau a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya mutum ya bi babbar hanya bai ga allon wata cibiyar koyar da kwamfuta ba. Yaro ya gama kwaleji ko ya samu bak, ya zo ya ce Baba ko Inna a biya mini, ina so in koyi rubuta manhaja. Uwa ta ɗauki kwasar adashenta ta ba shi, uba ya taɓa jarinsa, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da za a koya wa yaron. Alhali ku da kuke kasuwa ba a san ku da sayen buhu ɗaure ba, sai kun soka hannu kun ga ƙwayar. Ina ganin wannan ciniki ma ya kamata a kwance bakin buhunsa.

Ra'ayina shi ne, duk yaro ko yarinyar da ke son riƙe wannan aiki a matsayin sana'a, ya fara da harshen kwamfuta mai wuya wanda ke kusa da injin na'urar, wato harshen da ake kira C, kafin ya hau masu sauƙi irin su Python. Na san akwai malamai masu ilimi da ke ganin akasin haka, kuma zan kawo hujjojinsu. Amma da farko mu fahimci abin da ake magana a kai.

Koyon kwamfuta iri biyu ne. Akwai koyon amfani da ita: buga takarda da Word, lissafin kaya da Excel, aika saƙo. Wannan kamar koyon tuƙin mota ne, kuma ya ishi mai son riƙe lissafin shagon mahaifinsa. Wanda wannan ce buƙatarsa, kada a wahalar da shi da wani harshe. Sai kuma koyon rubuta umurnin da na'ura ke bi, wato manhaja, irin wadda ke cikin salula in za ku aika kuɗi. Wannan shi ne aikin makanike da maƙerin mota, kuma a kansa nike magana.

Na'ura ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, abin da ta sani kawai shi ne 0 da 1. Shi ya sa aka ƙirƙiro harsunan da ke tsakanin mutum da ita, hawa hawa. Na can ƙasa sosai shi ne Asambula, wanda ake faɗa wa injin kowane ɗan motsi da zai yi. Wannan ban ce a ɗora wa ɗan koyo ba, ya yi nauyi. Sama da shi kaɗan akwai C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972. Can sama kuma akwai irin su Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991.

Ga yadda bambancin yake a harshen kasuwa. Mai aiki da Python kamar Hajiya ce da ta kira dillali ta ce a sayo mata buhu goma na gero a ajiye. Dillali zai auna, ya ɗinke, ya biya ƴan dako, ya nemi wuri cikin mangaza, ita dai ta ji an ce kaya sun iso. Mai aiki da C kuwa shi zai je kasuwar ƙauye da kansa, ya auna tiya tiya, ya san buhu tiya nawa ke ci, ya nemi wurin ajiya, ya riƙe lambar wurin a kansa, in ya kwashe kayan kuma ya mayar da makulli. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar mangaza ce mai ɗakuna masu lamba. A harshen C, yaro ne ke neman ɗaki, shi ke faɗin girmansa, shi ke sakinsa in ya gama. In ya manta bai saki ba, mangaza ta cika da ɗakunan da ba kowa ciki amma a kulle, har na'ura ta tsaya. In ya zuba abin da ya fi ɗakinsa, ya malala kan kayan maƙwabci ya ɓata su. Python na yi wa mutum duk wannan a ɓoye, shi ya sa ya fi daɗi, shi ya sa kuma mai koyo ke iya shekara biyu yana aiki bai san akwai mangaza ba.

To, a cikinku wa ya taɓa ba yaronsa jari ranar da ya shigo kasuwa? Sai ya yi shara, ya ɗauki kaya, ya iya awo, ya iya canji da ka, kafin a bar masa shago. A garaji ma yaro na fara wankin ƙarafa cikin gazuwal kafin a bar shi ya kwance inji. Ba don mugunta ake haka ba. Wanda ya taɓa auna hatsi da hannunsa, ranar da ya zama maigida dillali ba ya cutarsa.

Bari in kawo misali guda na abin da C ke koya wa yaro tun makonnin farko. Kowane ɗakin ajiyar lamba a na'ura yana da iyaka, kamar yadda tiya ke da baki. Akwai wani ƙaramin ɗaki da ake yawan amfani da shi wanda iyakarsa 32,767. In yaro ya rubuta manhajar lissafin cinikin yini ya ajiye jimla a irin wannan ɗaki, ciniki na wuce jika talatin da biyu da ɗoriya, sai a yawancin na'urori lambar ta juye ta koma ƙasa da sifiri, riba ta zama bashi a kan allo. Mai koyon C zai ci karo da wannan da wuri, ya sha mamaki, ya gane dalili, ba zai sake mantawa ba. Kada ku ɗauka wasan yara ne. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tashi daga Kuru a yankin Guyan, ta tarwatse cikin ƙasa da minti guda tare da taurarin ɗan adam huɗu da ta ɗauko. Da aka yi bincike, sai aka gano wata lamba ce aka zuba cikin irin wannan ƙaramin ɗaki, ta fi ƙarfinsa. Ƙwararru ne suka yi aikin, kuma da wani harshe dabam, amma iyakar na'ura ba ta san ƙwararre ba.

Hujja ta biyu ita ce, abubuwan da muke taɓawa kullum a kan C suke tsaye. Salular Android da ke hannun yawancinmu tana tafiya ne a kan wani tushe mai suna Linux, wanda Linus Torvalds ɗan Finlan ya fara a 1991, kuma mafi yawansa da C aka rubuta shi. Python ɗin kansa, injin da aka fi sarrafa shi da shi da C aka gina. Harsunan da ake neman aiki da su, irin su Java, PHP da JavaScript, sun ɗauko tsarin rubutunsu daga C, don haka wanda ya iya shi ba baƙo ba ne a gidajensu. Haka kuma ƙananan na'urori irin su sikeli mai lambobi, na'urar kula da batirin sola, da mai auna wutar lantarki ta kati, duk suna da ƴar ƙwaƙwalwa ƙarama a ciki, kuma irin waɗannan da C aka fi rubuta musu umurni. Akwai wani ɗan allo da ɗalibai ke koyo da shi mai suna Arduino Uno, wurin aikinsa bai wuce harafi 2,048 ba, ko rabin wannan rubutu ba zai ɗauka ba. A irin wannan ƙunci babu wurin dillali, dole mutum ya iya awo da kansa. Wannan fage kuwa namu ne, don ƙasarmu ta rana ce da noman rani. Ɗan Nijar Abdu Maman Kane ya ƙirƙiro hanyar ban ruwan garka daga nesa ta salula, har ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya ta Hassan II a 2015. Ɗiyanmu da za su bi irin wannan sawu suna buƙatar sanin cikin na'ura.

Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Makarantar 42 da aka buɗe a Paris a 2013, wadda ba a biyan kuɗi, tana tace ɗalibanta ne da makonni huɗu na aikin C ba dare ba rana, kuma da shi suke fara karatu. Ƴar uwarta mai suna 1337 ta buɗe a garin Kuribga na Maroko a 2018 a kan tsari guda. Jami'ar Harvard ta Amurka, a darasinta na ƴan farawa mai suna CS50, tana ba da mako guda na wasa da Scratch, sannan makonni na C, sannan a wuce Python. Darasin yana intanet kyauta.

Yanzu ga abin da masu ɗaya ra'ayin ke cewa. Na farko, C na sa yara su karaya. Gaskiya ne. Yaro na iya kwana uku yana neman kuskuren waƙafi guda, alhali abokinsa mai Python ya riga ya nuna wa Inna wani abu mai motsi a allo. Shi ya sa lise na Faransa da jami'o'i da dama suka zaɓi Python. Amsata ita ce, ba harshen ke karya zuciya ba kamar kaɗaici. Yaron da aka bari shi kaɗai da bidiyo zai gudu, wanda ke da malami mai dubawa da abokai biyu ko uku zai jure. Kuma ban ce a dawwama a C ba, wata shida na aiki sosai ya isa a kafa tushe. Ƙananan yara ƴan firamare kuwa a bar su da Scratch, su yi wasa su saba.

Na biyu, sun ce masu ba da aiki a garuruwanmu sun fi neman mai gina shafin intanet ko manhajar salula. Wannan ma haka ne. Amma harshen farko ba shi ne na ƙarshe ba. Wanda ya fito daga C yana kama Python cikin ƴan makonni. Wanda ya saba da sauƙi kuwa, in an ce ya sauko ƙasa, sau da yawa sai ya ga kamar an mayar da shi aji ɗaya.

Na uku, sun ce C wuƙa ce marar kube. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaro da yake toshewa a manhajojinsa daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwa suke fitowa, irin malalar kaya da na ambata. A 2024 fadar shugaban Amurka ta yi kira da a koma ga harsunan da ke kare mutum daga wannan, irin su Rust. Ban musa ba. Amma wannan gargaɗi ne ga masu gina manyan ayyuka. A wurin ɗan koyo, gara ya yanke yatsa a aji, inda ba kuɗin kowa a ciki, ya san abin da sabbin harsunan ke kare shi daga gare shi.

Na huɗu, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, wasu na cewa na'ura ce za ta riƙa rubuta manhaja, wahalar me za a sha? Ni a ganina wannan ya ƙara wa maganata ƙarfi. Na'urar na rubutu da sauri, tana kuma yin kuskure ba tare da ta nuna alama ba. Aikin sauƙi shi ne farkon wanda za ta ƙwace. Wanda zai ci abinci gobe shi ne mai iya duba abin da ta rubuta ya ce nan akwai ɓaraka. Ɗan kasuwar da bai iya lissafi ba, ko yaransa goma ne masu kalkuleta, a hannunsu yake.

Don haka Alhaji, Hajiya, kafin ku ƙirga jikkunanku ku miƙa, ku je cibiyar da ƙafarku. Ku tambaya: amfani da kwamfuta za a koya masa ko rubuta manhaja? Da wane harshe za a fara, kuma don me? Yara nawa ke kan na'ura guda? Malamin da ya ce Python zai fara da shi amma zai sauko da su C daga baya, kuma ya faɗi lokacin, ana iya sauraronsa. Wanda ya ce cikin wata guda yaro zai zama injiniya, ku riƙe kuɗinku. Kada kuma a tsorata ku da sayen sabuwar kwamfuta mai tsada. Tsohuwa ta hannu ta ishi koyon C, kayan aikinsa irin su GCC kyauta ne, kuma in an saka su ba sa buƙatar intanet. Kalmomin asali na harshen ma 32 ne a tsohon tsarinsa, don haka rashin Ingilishi ba hujja ba ne.

Bayan wata uku, ku zaunar da yaron ku ce ya rubuta muku ƴar manhajar littafin bashi ko ta adashe: wa ya zuba, wa ya kwasa, nawa ya rage. Sannan ya yi muku bayani da Hausa inda na'urar ke ajiye kowane suna da kowace lamba, da abin da zai faru in wurin ya cika. In ya iya, kuɗinku na aiki. In ya fara kame kame da Faransanci, ku koma wurin malamin. Wannan dama kuma a ba ƴan mata kamar yadda ake ba maza, don wadda ta tashi tana riƙe wa uwarta lissafin adashen mutum ashirin da ka, ta riga ta san rabin abin da ake nema.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya shirya mana zuri'a, amin.