Kaki Ba Takardar Izini Ba Ne

Yau maganarmu a kan binciken gida da na salula ce, kuma ba za mu rufa ta ba.

Tun kakanni, baƙo a zaure yake tsayawa sai mai gida ya ce bisimilla. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini ba sallama. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ma, a ayar doka ta 27, ya ce gida wuri ne da ba a keta shi, ba a bincike ko kame a cikinsa sai yadda doka ta tsara. Ta 29 ta kare sirrin wasiƙu da sadarwa. An jingine kundin bayan 26 ga Yuli 2023, gaskiya ne. Amma dokar shari'ar laifuka tana nan: bincike a gaban mai gida ko shaidu ake yin sa, abin da aka ɗauka a rubuta a takarda, a sa hannu.

To, don Allah, ina wannan takarda in an tare ɗan kabu-kabu a shinge, an ce "kawo salularka, buɗe"? Ina take in an shiga fada da dare, an kwashe wayoyin samari, washegari a ce sai da jika biyar za a maido? Wannan ba bincike ba ne, ƙwace ne da kaki.

Za a ce mana ai ƙasa na cikin matsalar tsaro. Mun sani. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun fi kowa sanin ɗacin 'yan bindiga, kuma muna jinjina wa jandarmomi da 'yan sandan da ke kwana a daji dominmu. Sai dai jami'i da labarin talaka yake kama ɓarawo. Wanda ka birkice wa ɗakin matarsa jiya ba dalili, gobe in ya ga baƙon ido a unguwa zai zo komisariya ya faɗa maka? Wallahi shiru zai yi.

Wasu kuma su ce mara laifi me zai ji tsoro? Haba! Cikin salula akwai hotunan iyali, maganar bashi, sirrin aure, takardar likita. Ba laifi ba ne, mutunci ne. A Amurka, inda aka kafa wannan kariya tun 1791, kotun ƙoli ta yanke a 2014 cewa ko mutum yana hannu, ba a buɗe wayarsa sai da izinin alƙali.

Jama'a, kada mu yi kokawa da jami'i. Mu tambaya cikin ladabi: wa ya ba da umarni? Mu kira mai unguwa ko maƙwabta su shaida. Mu nemi a rubuta abin da aka ɗauka. In an ƙi, ofishin mai shigar da ƙara a kotu na nan.

Shugabannin jami'ai kuma, ku tsawata wa yaranku. Wake ɗaya ke ɓata gari.