Me ya sa yaran gidan abinci ba sa daɗewa?

Duk mai gidan abinci da ka zauna da shi a Kano, daga titin Gidan Zoo har Sabon Gari, kukansa ɗaya ne: ba a samun yaran kirki. Kuku ya yi wata biyu ya tattara nasa ya nasa, mai kai abinci ya ɗaga wa kwastoma murya, lissafin mai karɓar kuɗi kullum da giɓi. Ana yin haka, ban musa ba. Amma a ganina tun ranar ɗaukar aiki ake shuka matsalar.

Ta yaya ake ɗauka? "Ɗan ƙanwata ne," ko kuma an turo shi daga ƙauye. Ba a yanke albashi ba, ba a faɗi lokacin tashi ba, balle ranar hutu. Sai dai a ce, "Fara tukuna, za mu duba." Yaron da bai san abin da zai karɓa a ƙarshen wata ba, idonsa na kan aljihun tebur. In ya yi laifi kuma ba ya koruwa sai an yi zaman dangi. Alhali dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka yawancin gidajen abincinmu tsoron Allah kaɗai ya rage musu a matsayin ma'auni.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu wanke-wanke. Almajiri ya wuni hannunsa cikin ruwan sabulu, ladansa ƙanzo da sauran miya. Wannan zalunci ne. Ga shi kuma ba wanda ya kai shi gwajin lafiya, shi da kwanukan da jama'a ke ci a ciki suke bi ta hannunsa.

Kuku kuwa, a riƙe shi da kyau, domin hannunsa kwastoma ke bi. Ran da ya koma gidan da ke tsallaken titi, da su zai tafi.

Alhaji, Hajiya, kafin ku sake ɗaukar wani, ku zauna da shi gaban shaida, ku rubuta albashi da ranar biya da ranar hutu. Ranar biyan ta zo, ku biya, ko da kasuwa ba ta yi ba.