Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Ina Taswirorin Kafanchan Suke?

A wata damina da ba ta daɗe da wucewa ba, an turo wani ƙanena injiniya daga Abuja domin ya duba wata kwalbati da ruwa ya zaizaye a kan hanyar da ke kusa da Kafanchan. Abu na farko da ya nema shi ne zanen da aka bi aka gina ta, don ya san zurfin harsashinta da kaurin rodin da ke cikin kankarenta. A ofishin yanki aka ce fayil yana hedikwata. A hedikwata aka ce zanen yana hannun kamfanin da ya tsara aikin, kamfanin kuwa ya daɗe da rufe ofishinsa. Daga ƙarshe aka gano kwafi guda a kwamfutar wani jami'i da aka yi wa canjin wurin aiki. Da aka turo masa, sai ya ƙi buɗewa, domin babu mai lasisin manhajar a ofishinsu. Bayan mako uku yana wannan zarya, ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa da tef ɗin awo, ya auna abin da ido ke iya gani, ya yi kirdadon abin da ke binne. Gwamnati ta sake biyan kuɗin zanen abin da ta riga ta biya kuɗin zanensa.

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar da ke bayar da kwangila ya san labarin nan, ko da sunan garin da na aikin sun bambanta. Ra'ayina a kan wannan a taƙaice yake. Zanen aiki dukiyar gwamnati ce, daidai da gadar ko ginin da aka yi da shi. Ya kamata kowane zane da aka biya da kuɗin jama'a ya kasance a rumbu guda, inda jami'in da ke da izini zai buɗe shi a burauzar kwamfutarsa ko wayarsa, ya bincika shi, ya aika wa abokin aikinsa, ba tare da roƙon kowa ba. Kuma idan ana neman inda za a fara gwada wannan, ban ga garin da ya kai Kafanchan dacewa ba.

Dalili kuwa yana cikin tarihin garin. Layin dogon gabas ya taso daga Fatakwal, ya isa Enugu a 1916, ya biyo ta Makurdi, ya zo Kafanchan. Zuwa 1927 garin ya zama mahaɗa: reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tsaunukan Jos. Gadar Makurdi a kan kogin Binuwai ta fara aiki a 1932, kuma daga Kuru aka miƙa layin har ya isa Maiduguri a 1964. Albarkacin wannan mahaɗa ne garin ya cika ya batse da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasa, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo cikinsa a 1933. Babu kwalbati ko gada ko gidan ma'aikata ko tankin ruwa da aka gina a kan wannan layi ba tare da an zana shi a takarda ba. Nan da ɗan lokaci kaɗan mahaɗar za ta cika shekara ɗari. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, nawa ne daga cikin waɗannan takardu suka tsira daga gara da yoyo da ɓera, kuma wa ya san ɗakin da suke?

Ba tambayar masu sha'awar tarihi kaɗai ba ce. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443, kuma Kafanchan na tsakiyarsa. Duk ranar da aikin ya iso, za a buƙaci sanin iyakar filin dogo da halin da kowace gada take ciki. A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta kafa hukumar kula da birnin Kafanchan, an kuma shimfiɗa tituna a ƙarƙashin shirin sabunta birane. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a dokokin kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da Jami'ar Tarayya a Kachia, dukansu a kan gine-ginen da suke tsaye tun kafin su koma hannun tarayya. Wanda ya karɓi gini ba tare da zanensa ba, ya karɓi gida ne da bai san inda wayar wuta da bututun ruwa suka bi a cikin bango ba. A gari guda, a fili kusan guda, ga kadarar tarayya, ga ta jiha, ga ta ƙaramar hukuma, ga wayoyin kamfanonin sadarwa a binne, kowa da zanensa a aljihunsa.

Yanzu bari mu fayyace abin da ake nufi, domin da yawa daga cikinmu muna ɗauka da zarar an ɗauki hoton takarda an gama. Zanen kwamfuta ba hoto ba ne. Tun da kamfanin Autodesk ya fito da manhajar AutoCAD a 1982, injiniyoyi da masu tsara gine-gine suka koma zana aikinsu a matsayin layuka masu ma'auni, a jere hawa-hawa: bango a hawa ɗaya, wayar wuta a wani, magudanar ruwa a wani. Kowane layi ya san tsawonsa, kowane rubutu ana iya nemo shi. Matsalar ita ce yawancin waɗannan zane ana adana su ne a nau'in fayil na DWG, wanda gyara shi ke buƙatar manhaja mai tsada da kwamfuta mai ƙarfi. Shi ya sa darakta ko hadimin minista da aka turo wa irin wannan fayil yakan tsinci kansa kamar wanda aka ba wasiƙa a harshen da bai iya ba.

Wannan shinge ya faɗi tuntuni. A yau ana ajiye zanen a babbar kwamfuta ta rumbu, ita ke sarrafa shi ta mayar da shi yadda burauza za ta iya nunawa. Mai dubawa ba ya buƙatar sanya wata manhaja. Yana iya matso da kusurwa guda ya gan ta ƙuru-ƙuru, ya ɓoye hawan bango ya bar na bututu kaɗai, ya auna tazara tsakanin ginshiƙai biyu, ya rubuta tambayarsa a daidai wurin da ya ga matsala. Maimakon a riƙa yawo da kwafi a filashi ko ta WhatsApp, sai a aika adireshin zanen, kowa ya buɗe abu guda. Mafi muhimmanci shi ne bincike. A ƙasan kowane zane akwai akwatin da ke ɗauke da lambarsa da ranarsa da gyara na nawa ne da sunan wanda ya amince da shi. Idan rumbu ya karanta waɗannan ya jera su, ƙanena zai rubuta sunan hanya da lambar kilomita, cikin minti guda ya ga abin da ya nema na mako uku. Zai kuma san wanne ne gyaran ƙarshe, domin gini da tsohon kwafi ya jawo asarar da ba ta ƙirguwa a wuraren aiki.

Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya ranar 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda. Wannan yunƙuri ne mai kyau, amma hankalinmu ya fi karkata ga wasiƙu da takardun umarni da fayilolin ma'aikata. Manyan takardun nan da ake naɗewa a jingine a lungu, waɗanda ba su shiga na'urar ɗaukar hoton ofis saboda faɗinsu, su ne aka fi mantawa da su, alhali su ne suka fi tsada. Wasiƙa idan ta ɓata a sake rubuta ta. Zanen harsashin gada idan ya ɓata, sai dai a haƙa a gani.

Ba mu rasa misali a gida ba. AGIS ta mayar da bayanan filayen Abuja cikin kwamfuta tun 2003, KADGIS ta yi irin wannan a jihar Kaduna bayan dokarta ta 2015. Ko mene ne ƙorafin mutane a kansu, sun nuna cewa hukumar gwamnati a ƙasar nan na iya riƙe taswira a rumbu guda. A waje kuma, gwamnatin Birtaniya ta wajabta wa 'yan kwangilar manyan ayyukanta, daga watan Afrilu na 2016, su yi aiki da tsararrun bayanan gini na kwamfuta da duk masu hannu a aikin ke amfani da su tare. Akwai kuma nau'in fayil na IFC, wanda ba mallakar wani kamfani ba ne, kuma hukumar ma'aunai ta duniya ta amince da shi. Wannan yana da muhimmanci, domin gada takan yi shekara ɗari, kamfanin manhaja kuwa babu mai tabbacin zai kai haka.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce tsaro. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, babu mai hankalin da zai ce a baje zanen gadojin dogo a kasuwa, balle a yankin da ya sha fama da tashin hankali irin kudancin Kaduna. Amma mu duba halin da ake ciki yanzu. Zanen da ke kwamfutar ɗan kwangila, da filashin da ke aljihun magatakarda, da kwafin da aka tura a waya, babu wanda ya san hannu nawa suka shiga. Rumbu mai tsari yana ba kowa izini gwargwadon aikinsa, yana kuma rubuta wanda ya buɗe, da abin da ya buɗe, da lokacin. Za a iya ajiye shi a cikin gida, a hannun Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati da aka kafa domin irin wannan hidima. Abin da bai shafi tsaro ba kuwa, kamar zanen aji ko rumfar kasuwa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta ba ɗan ƙasa damar neman sa.

Hujja ta biyu ita ce wuta da intanet. Gaskiya ne, wanda ya bar Kafanchan ya nufi ƙauyukan Sanga ko Kauru ba ya rasa inda waya za ta ɗauke. Amsar ita ce a tsara rumbun yadda injiniya zai sauke zanen da yake buƙata kafin ya fita, ya dawo ya loda abin da ya gano. Ta uku ita ce kamfanonin tsara ayyuka kan ce zane haƙƙin mallakarsu ne. Wannan kuwa a takardar kwangila ake warware shi, tun kafin a sa hannu.

Akwai hujja ta huɗu da ba a faɗa a taro. Ɓacewar zane tana da masu cin moriyarta. Inda babu zanen asali, babu mai iya cewa rodin da aka sa bai kai wanda aka biya ba. Ƙarin kuɗin kwangila yana samun ƙofa, ana sake bayar da aikin tsarawa, filin gwamnati yana komawa na wani a hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yankin da maganar fili take saurin zama maganar ƙabila da addini, taswirar da kowane ɓangare zai iya gani da idonsa tana rage aikin masu hura wuta. Ba za ta kashe kowace gardama ba, amma ta fi a dogara da ƙwaƙwalwar wanda ya fi ƙarfin murya.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma babu ko ɗaya da ke buƙatar sabuwar hukuma. Na farko, Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, wadda dokar 2007 ta kafa, ta sanya sharaɗi a takardun kwangila: ba za a saki kason da ake riƙewa na ƙarshe ba sai ɗan kwangila ya miƙa zanen aikin kamar yadda aka gina shi a zahiri, a nau'in fayil da za a iya buɗewa, da sa hannun injiniya mai rajistar COREN. Na biyu, takardar miƙa aiki ta duk jami'in da aka canja ko ya yi ritaya ta ƙunshi jerin zanen da ke hannunsa. Na uku, a fara gwaji a Kafanchan: hukumar jiragen ƙasa da ma'aikatar ayyuka da KADGIS su tattara abin da suke da shi a kan garin, a ɗauki hoton tsofaffin takardu da na'urar da ta dace, a jera su, a nemi wanda ya ɓace a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ma'aikata suna nan kusa: reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana koyar da ɗaliban tsara gine-gine. A haɗa su da tsofaffin ma'aikatan dogo da suka yi ritaya a garin, domin hoton takarda ba ya faɗin wace gada ce sai wanda ya san ta ya faɗa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi.

Ga 'yan'uwana ma'aikata da hadimai, ba sai mun jira sanarwa daga sama ba. Takardar biyan kuɗi ta gaba da za ta iso teburinka, kafin ka rubuta a biya, ka tambayi inda zanen aikin yake, da wanda zai iya buɗe shi ranar da ba ka nan. Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane. Idan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa na ƙarshe ya kwashe motocinsa, ranar ta wuce, kuma wani ƙanin ne zai sake naɗe wando ya shiga ruwa.